Ranar da Aka Ba da Gado Gyara

Musbahu bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce bulon da ake sayarwa a tashar Dutsi da watan azumi ba, amma duk faɗin Arewa babu wanda ya kai shi sanin wasan da Turawan Kanada ke yi a kan ƙanƙara. Wani ɗan ajinsu ne ya tafi can karatu, ya riƙa turo masa bidiyo, shi ke nan muka shiga uku. In ka je shagonsa sayen katin waya, sai ya tare ka da hoto: ga ƙattai sun ɗaura wuƙaƙe a ƙasan takalmi, suna sulɓi, suna bin wani abu kamar murfin gwangwani da lanƙwasassun sanduna. Hoki ake ce masa. Wasan bai dame ni ba, kowane gari da irin haukansa. Abin da ya dame ni shi ne ranar da Musbahu ya gano yadda ƙungiyoyin can ke raba sababbin 'yan wasa, ya ce mu ma haka za mu yi.

Ni ne Mukhtar tela, Muntari a bakin mutanen gari. Shekara goma sha huɗu ke nan ina horar da Guguwa, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu, a wani gari kusa da Kieshe. Ƙungiya huɗu ce a garin, kuma kowace damina, in 'yan makaranta sun zo hutu, 'yan ci-rani sun dawo noma, muna buga kofi bayan la'asar. Da can babu wata fitina, saurayi ya shiga inda abokansa suke, a buga, a yi faɗa, a shirya. Musbahu ya zama shugaban Guguwa ne saboda shekara uku da suka wuce ya sayo mana riguna goma sha biyar daga Yamai. Ko bugun kusurwa bai iya ba. Amma tun daga ranar, in ba ka ce masa Parzidan ba, ba ya juyowa.

Tsarin da ya kawo, wanda yake kira diraf, ga yadda yake. Kowace ƙungiya ta riƙe tsofaffin 'yan wasanta biyar. Sauran samarin gari a rubuta sunayensu a allo, a yi ƙuri'a, wanda ya ci lamba ɗaya ya fara zaɓa, sai na biyu, sai na uku, sai na huɗu, a sake zagayowa har allo ya ƙare. Kuma, in ji shi, a nan gwanintar take, wanda ke baya yana iya sayen gaba: ya ba na gaba zaɓinsa biyu ko uku, ya karɓi lamba ɗaya, ya ɗauke gwanin da kowa ke so. Sauran ƙungiyoyin sun yarda ne kawai don ya yi alkawarin sabuwar raga.

Cikin biyar ɗin da muka riƙe, na farko Gado ne. Ubansa abokina ne, tare muka yi kiwon awaki muna yara, kuma da ya rasu Gado bai kai shekara goma sha bakwai ba. Ni na fara sa shi a fili, ni na ɗinka masa lamba biyar a baya, ni na ɗinka ƙyallen kyaftin da yake ɗaurawa a dantse. Kawu yake ce mini, a fili da wajen fili. Yanzu ya ba talatin baya, yana noma, yana dako da amalanken jaki, gwiwarsa ta hagu tana ƙara in ya tsuguna. Ba ya da sauri kuma, amma ya san inda ƙwallo za ta faɗo tun ba a buga ta ba. Sau biyu muka kai wasan ƙarshe, sau biyu aka doke mu. Da rani ya zo shagona ya zauna a kan benci, ya ce, “Kawu, daminag ga ita ta ta ƙarshe. Ina so in ɗaga kofin nan sau guda da rigag ga, in aje.” Na ce masa in Allah ya yarda tare za mu ɗaga shi, kuma har zuciyata na faɗa.

Sai ga Bello. Ɗan Amadu ne, Bafulatanin da ke sauka yamma da gari kowane rani. In ya gama shayar da shanu a rijiya yakan biyo ta fili, ya aje sandarsa, ya shiga wasa ba takalmi. Ban taɓa ganin gudu irin nasa ba. Wata ranar Laraba ya ci mu uku shi kaɗai, ya ɗauki sandarsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Ba zan yi ƙarya ba, yawuna ya tsinke. Musbahu kuwa da hannunsa ya rubuta sunan Bello a saman jerin.

Na ce masa, “Musbahu, yaron ga Bafillace na. In ruwa ya sauka ba ya tahiya da shanu?”

Ya dube ni irin kallon da yake yi wa wanda bai iya buɗe wayarsa ba. “Koci, ka bar wanga gare ni. Na yi enquête, bincike sosai. Na hau moto har rugassu, mun yi magana baki da baki, ya ba ni parole nai, ya yi alkawali. Kai aikinka hili, ni aikina stratégie, tsara dabara.”

Ban tambaye shi me yaron ya ce ba. Tambaya ɗaya ce, ba ta fi ƙarfin bakina ba, amma ban yi ta ba, don ina son amsar da aka ba ni.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a farfajiyar makaranta, ƙarƙashin dogonyaro. An jingina allo da itace, an jera bencina, samari sun fi sittin. Musbahu ya sa kwat a cikin zafin nan, gumi na bin wuyansa, ya riƙe wani babban fayil da babu komai a ciki sai takarda uku. Gado ya zo sanye da rigarsa mai lamba biyar, a wanke, ya zauna bayana. Bello bai zo ba, aka ce yana rijiya. Aka zuba takardu huɗu a hula. Musbahu ya yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji, ya sa hannu, ya zaro lamba huɗu.

Lamba ɗaya ta faɗa hannun Maikano, mai ƙungiyar Kunama. Maikano sa'ana ne, manomi, bai taɓa shiga aji ba, kuma bai taɓa sayen akuya bai duba haƙoranta ba. Ya juya takardar, ya ce a karanta masa, duk da ya san abin da ke ciki sarai.

Musbahu ya miƙe, ya gyara kwat. Wannan ne lokacin da yake mafarki tun watanni. “Baba Maikano, ina da proposition. Ka ba ni lamba guda, in ba ka lamba huɗu tawa, in ƙara maka zaɓina na zagaye na biyu.”

Maikano ya sosa ƙeya. “Ni ban san abin ga na Turawa ba, ɗana. Mi za ka yi da lamba guda?”

“Wanga sirrina na.”

Sirri! Har jakin da ke ɗaure a bakin makaranta ya san Bello yake so.

“To,” in ji Maikano, “ni ma akwai wanda nike so. Bari dai in zaɓi abina.” Ya ɗaga hannu a hankali yana nuna saman allo, inda sunan Bello yake.

“Da na zagaye na ukku!” Musbahu ya faɗa da sauri. “Trois contre un, ukku bisa guda. Ko Kanada ba a ba da hiye da haka.”

Maikano ya sauke hannu. Ya kalli ƙasa, ya kalli sama, kamar mai cinikin da ba ya so. Sannan ya yi abin da kowace tsohuwa ke yi in ta sayi tumatir a kasuwa. Ya ce, “To, na ji. Babu gyara?”

Mutane suka yi dariya, don wasa ne, kowa ya san wasa ne. Gyara ita ce 'yar ƙarin da mai sayarwa ke jefa maka bayan an gama ciniki, ƙwayar albasa ɗaya, ko ɗan gishiri a leda, abin da ba a lissafa shi. Da Musbahu ya yi dariya shi ma, da an wuce wurin. Amma shi ba a kasuwa yake jin kansa ba, yana can Kanada. Ya juya ya bi 'yan wasanmu biyar da ido, ya tsaya a kan na bayana.

“Ga Gado nan. Il est fini, gwiwa ta mutu. Na ƙara maka shi gyara.”

Dariyar ta tsaya. Maikano kansa ya buɗe baki, don bai zaci haka ba, amma bai kai wautar da zai ƙi ba. Ya ce, “Na amsa,” da sauri.

Yanzu ga inda nake so a ji da kyau. Cikin dokokin da Musbahu ya rubuta akwai cewa ciniki ba ya tabbata sai shugaba da koci sun sa hannu. Ya turo mini takardar da biro. Na waiwaya. Gado kallona kawai yake yi, fuskarsa a sake, don bai ma yi tunanin akwai abin tsoro ba. Kawunsa ne ke riƙe da biron. Ni kuma abin da ke idona a lokacin shi ne Bello yana keta 'yan bayan Kunama, da kofi a kan teburin shagona. Na ce wa kaina damina ɗaya ce, zan yi masa bayani daga baya. Na sa hannu.

Musbahu ya ɗaga takardar sama, ya yi shela da Faransanci cewa Guguwa ta zaɓi Bello Amadu, ya jira tafi. Mutum biyu suka tafa. Sannan, da yake rashin kunya ba ta ƙare masa ba, ya ce rigar da ke jikin Gado ta ƙungiya ce. Gado ya miƙe, ya tuɓe ta a gaban kowa, ya ninke, ya ɗora ƙyallen kyaftin a kai, ya ajiye a cinyata. Ya ratsa taron daga shi sai singileti, ya je ya zauna bayan Maikano. Maikano kuwa ya ci gaba da zaɓe hankali kwance: ya ɗauki mai tsaron gida mafi kyau a garin, ya ɗauki tagwayen da suka dawo daga Sakkwato. Mu muna zaune muna kallo, sai a zagaye na huɗu muka sake buɗe baki, lokacin allo ya rage sai waɗanda iyayensu suka sa aka rubuta.

Da yamma Musbahu ya ce in farke lamba biyar in ɗinka goma, in rubuta BELLO a sama da manyan haruffa. Na yi. Sai dai rana ta ci rigar shekara uku, inda lambar take bai koɗe ba, don haka ko bayan na ɗinka goma ana ganin inuwar biyar a ƙarƙashi.

Kwana tara bayan haka ruwan shuka ya sauka. Gari ya watse gona. Da aka gama shuka, saura kwana huɗu a fara kofi, Musbahu ya ce mu je mu kai wa Bello rigarsa, a ɗauki hoto. Ya goya ni a babur, rigar na cikin leda, muka yi yamma.

Babu ruga. Babu bukka ko ɗaya, babu maraƙi, babu kare. Sai kashin shanu baƙi ƙirin ya rufe wurin, da ramukan turaku, da gero ya fara tsirowa layi-layi. A tsakiyar wurin mutum ɗaya ne a tsaye da hauya a kafaɗa yana duba tsiro. Sai a lokacin na tuna gonar wa ce. Shekara ashirin Amadu na sauka a gonar Maikano da rani, shanu su zuba masa taki, shi ya ba su dawa.

“Maraba da Parzidan,” in ji Maikano. “Maraba da tela. Ku bi a hankali, kak ku taka min hatsi.”

“Ina Hillanin?” Musbahu ya tambaya.

“Sun yi arewa. Tun daren da hadari ya hwara haɗuwa sunka ɗaure kaya. Yanzu sun wuce Dan Kasari da nisa. Ina za su zamna da shanu ɗari cikin shuka?”

“Impossible! Ya yi min alkawali!”

Na sauka daga babur. Na yi tambayar da ya kamata in yi tun wata guda. “Musbahu, hwaɗa min abin da yaron yac ce. Kalma da kalma.”

“Na ce za ka buga muna? Yac ce, da an saki gonaki, ni naku na.” Ya buɗe hannuwa. “To mi ya rage? Wasa bayan la'asar mukai. Lokacin kowa ya saki gona ya dawo gida. Ni har na ce mishi hakanan na daidai.”

Maikano ya jingina da hauya ya yi dariya har ya yi tari. Ni ban iya dariya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe hauya ko sandar kiwo a ƙasar nan ya san sakin gonaki ba tashi daga aiki ba ne. Rana ce da hukuma da sarakuna ke sanarwa bayan an gama girbi, an kwashe gero da wake, a ce yanzu dabbobi na iya shiga su ci kara. Wajen watan Disamba ke nan. Kofinmu kuwa ƙarshen Agusta ake gama shi. Yaron bai yi ƙarya ba, ya faɗi ranar dawowarsa daidai, cikin Hausa mai kyau. Shugabanmu ne, mai enquête, wanda aka haifa a garin nan, uban da ya haife shi manomi, ya san sunan kowane ɗan hoki na Kanada amma bai san wannan ba.

“Kai ka sani,” na ce wa Maikano.

“Ni wa ya tambaye ni? Kai ma ka sani, tela. Ba ka so ka tuna ba dai.”

A kan hanyar komawa Musbahu bai yi shiru ba. Ya ce ko a Kanada ana zaɓen yaro a jira shi shekara biyu kafin ya buga, wannan shi ake kira investissement, wato zuba jari. Na ce ya tsaya. Na sauka na ƙarasa da ƙafa.

Ba sai na ba da labarin kofin ba. Wasa shida muka yi, muka ci ɗaya, shi ma don rabin 'yan ɗaya ƙungiyar sun tafi biki. Mai tsaron bayan da ya maye gurbin Gado yakan rufe ido in ƙwallo ta taso sama. Kunama ta ɗauki kofi. Maikano ya ba Gado kyaftin tun wasan farko, don haka shi aka miƙa wa kofin, cikin jar riga wadda ta yi masa kaɗan. Ya ɗaga shi iya ƙirji, ya miƙa wa na kusa da shi, ya fita daga fili. Ina tsaye a gefen layi, ya wuce ta gabana kamar taku uku. Tun ranar allo bai sake zuwa shagona ba. In mun haɗu a masallaci yakan gaishe ni, ya tambayi iyali, ba ya rage komai cikin gaisuwa. Na sha shirya maganar da zan yi masa, sai in ga ba yau ba.

Aka yi girbi, aka kwashe amfani, aka yi shelar sakin gonaki. Kwana biyu bayan shelar, ina shago da hantsi, na ji ƙarar ƙafafu da kukan maruƙa. Garke ne ya biyo ta filin ƙwallo, shanu suna cin busasshiyar ciyawar da ke bakin raga. Wani dogon saurayi ya ratso titi, ya jingina sandarsa da ƙofata, ya yi sallama.

“Baba, ga ni. An saki gonaki. Yaushe za a hwara?”

Na dube shi. Ya rame, ya yi baƙi, yana murmushi, ya cika alkawarinsa ranar da ya ce. Na jawo ledar rigar daga ƙarƙashin keken ɗinki na ba shi. Ya sa rigar a kan tasa, ya shafa ƙirji, ya yi godiya sosai. Musbahu ya fito daga shagonsa da gudu yana ɗaukar hoto, yana faɗa wa duk mai wucewa cewa ga premier choix, zaɓin farko, ya iso, baɗi za a gani. Ko a lokacin bai tambayi yaron inda zai kasance baɗi da damina ba.

Ana cikin haka amalanken Gado ya biyo, an lafta masa kara. Dole ya tsaya don shanu sun tare hanya. Bello ya juya ya koma wajen garkensa, bayansa na fuskantarmu, ga goma, ga inuwar biyar a ƙarƙashinta. Na ga Gado ya gani.

Na fita ba takalmi, na kama gefen amalanken.

“Gado.”

“Ina kwana, Malam Muntari.”

Malam Muntari. Tun yana rarrafe bai taɓa kirana haka ba. Duk maganar da na shirya wata shida ta tsere, sai na ce, “Na yi kuskure, ɗana. Ka dawo gida. Zan yi magana da Maikano, zan ɗinka maka wata rigar, ko ba ka buga ba ka zamna kusa da ni bisa benci.”

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da na fi jin daɗi. Shanun suka gama wucewa, hanya ta buɗe. Ya tattara igiyar jakin a hannu.

“Malam Muntari, kai da ka daɗe kana zuwa kasuwa,” ya ce, “ka taɓa ganin an maido gyara?”

Ya taɓa jakin da sanda. Na saki amalanken don kada ya ja ni.